Layi na Uku

A hawa na huɗu, a Groningen,
inda taga ke kallon kekuna jiƙe da ruwa,
na shekara tara ina kiwon wani mutum a kan allo.
Ba shi da suna. Harafi guda na ba shi, ya wadatu.
Ba ya hamma, ba ya miƙa.
In ya san abu, ya san ɗan abin, ya san jikansa,
har tattaɓa-kunne, kafin ƙiftawar ido.
Ki koya masa ƙirge da hantsi,
kafin ki ajiye alli ya gama lissafin duniya.

Tsohuwa Bouma, wadda ta koya mini manɗiƙi,
ta leƙo wata Laraba da kofin shayinta,
ta ce, Sietske, wannan ba mutum ba ne.
Ya taɓa neman tabarau alhali yana kan hancinsa?

Ran Asabar na hau jirgin ƙasa na tafi gida.

Babana, Wiebe, shekara arba'in da ɗaya
yana ɗaga gada wa jiragen ruwa.
Yakan zura takalmin katako a bakin igiya,
matuƙi ya jefa kwabbai, a ɗaga wa juna hannu.
Yanzu daga birni ake danna gadar,
wani yaro da bai taɓa shaƙar warin wannan ruwa ba.
Baba ya sani.
Takardar na manne a jikin firji,
tambaye shi, zai faɗi ranar da watan,
har sunan wanda ya sa hannu, har da tsaki.

Amma shida na bugawa ya ɗau kwat,
ya saɓa igiya da takalmi,
ya je ya tsaya cikin yayyafi.
Gada ta tashi da kanta.
Ya gyaɗa mata kai kamar shi ya sa ta.

Na ce a raina, ga shi nan, na kama:
ɗakuna biyu a kai ɗaya,
kowanne da fitilarsa, kowanne da gaskiyarsa,
ƙofar tsakani ta kumbura da damshi.
Har na zaro biro
na fara zanawa a bayan rasitin burodi.

Sai ya yi tari.
Dogon tari, irin mai riƙe ƙarfen gada da hannu biyu.

Akwai wata takardar a aljihuna,
ta likita, tun farkon bazara.
Na karanta ta sau uku, na san kowace kalma.
Kuma kowace shekara, makon farko,
ni ke tsayawa gaban sababbin ɗalibai in rubuta:
kowane mutum mai mutuwa ne;
wane mutum ne;
sai in ja layi, in ce, to, wa zai ƙarasa?
Hannuwa su tashi kamar tsirin dankali.

Ina da na ɗaya. Ina da na biyu,
ga shi tsaye, ruwa na ɗiga daga hularsa.
Taku ɗaya ne zuwa na uku.
Wata bakwai ƙafata na sama.

Muka koma gida, ya soya kifi, ya cika gishiri.

Ran Litinin na goge rabin allon.
Na sa wa mutumin nan kuɗin fito:
duk "saboda haka" sai ya biya,
kuma aljihunsa na da ƙasa.
Na ba shi gajiya. Na ba shi bango.
Na bar masa ƙofa mai cijewa.
Hujjar ta yi muni, ta ƙaru da shafi goma sha ɗaya,
wani wurin ma ba ta rufu ba.

Bouma ta daɗe tana dubawa, shayi ya huce.
Ta ce, tsoro fa? Ina alamarsa?

Na ce ban samo ba tukuna.
Na tambaye ta ko jirgin ƙarfe biyar
yana tsayawa a ƙauyenmu ran Talata.